Littafin Maigadi Ya Cika: Yadda Ake Neman Gyara a Manhajojin Juya Rajistar Saba

  Masu sauraro, zancenmu na yau a filinmu na kimiyya da fasahar zamani ya fi shafar masu kula da shafukan intanet na makarantu, asibitoci, gidajen jarida da kamfanoni, da kuma matasan da ke koyon wannan sana'a. Amma wanda bai taɓa zama gaban irin wannan kwamfuta ba kada ya murɗa akwatinsa, domin in ya taɓa zuwa duba sakamakon jarrabawa ko cike fom aka ce masa shafi ya tsaya, to mai yiwuwa yau ya ji ɗaya daga cikin dalilan.

A ƙofar kowace babbar ma'aikata akwai maigadi da littafinsa. Duk wanda ya shigo sai an rubuta sunansa, da lokacin da ya zo, da wurin wanda ya zo. Ita ma kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, wadda ma'aikata ke kira saba, tana da irin wannan littafi. Duk sanda ka buɗe shafi a wayarka sai ta rubuta layi guda: adireshin da ka fito, wato lambar IP, da lokaci, da abin da ka nema, da amsar da ta ba ka. In ta rubuta 200 an samu biyan buƙata, in 404 ce abin da ka nema babu shi, in kuwa 500 ce to ciwon daga wajenta yake. Akwai kuma littafi na biyu da take rubuta kurakuranta a ciki. Masu sana'ar suna kiransu log, mu kuma a shirin nan za mu ce rajista.

Littafin maigadi in ya cika akan kawo masa sabo, a kai tsohon sito. Rajistar saba ba ta da shafin ƙarshe. Takardun bayanin Apache, ɗaya daga cikin manhajojin da ke tafiyar da saba, da kansu sun ƙiyasta cewa takan ƙaru da megabait ɗaya ko fiye a kowace buƙata 10,000. Ka ga miliyan ɗaya ta ba ka megabait 100 ke nan, kuma shafi guda mai hotuna yana iya haifar da buƙatu da yawa a buɗewa ɗaya. In ba a sa wanda zai riƙa rufe tsohon fayil yana buɗe sabo ba, yana matse na jiya yana zubar da na bara, rajistar za ta ci gaba da cin rumbun kwamfutar har ta cinye shi. Wannan aiki na sauya littafi shi ne juya rajista.

Akwai wata makaranta da na taɓa yi wa aikin kula da kwamfuta. Sabarta tana wani ɗan ɗaki kusa da ofishin jarrabawa, da fanka guda a kanta. Ranar da aka saki sakamako, da misalin ƙarfe goma na safe, yaron da ke taimaka mini ya kira ni, muryarsa na rawa.

Ya ce, "Malam, shafi ya tsaya. Ga ɗalibai nan sun cika baranda, kowa na ta danna waya, ba abin da ke buɗewa."

Na ce masa, "Kwantar da hankalinka. Duba mini rumbu tukuna."

Ya yi shiru na ɗan lokaci, ina jin ƙarar madannai, sannan ya ce, "Malam, ɗari bisa ɗari. Ba masaka tsinke."

Kafin in iso ya riga ya gano fayil ɗin da ya kumbura, rajistar kurakurai ce, ya kuma goge ta. Yana ganina ya tare ni a ƙofa: "Malam na goge, wallahi na goge, amma har yanzu tana cewa a cike take."

Wannan wuri yakan ruɗa hatta waɗanda suka daɗe a aikin, don haka bari in tsaya a kansa. A Linux, tsarin da sabar nan ke gudana a kai, sunan fayil daban, abin da ke cikinsa daban. In ka goge fayil alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, sunan kawai ka cire. Kamar ka je ofis ka soke littafin maigadi daga jerin kayan ma'aikata ne, alhali littafin yana can a cinyarsa yana ta rubutu. Shi ya sa umarnin du zai ce maka wuri ya samu, df kuma ya ce a cike yake, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Umarnin lsof shi ke nuna maka wanda ke riƙe da fayil ɗin. Sai da muka ce wa Apache ta saki tsohon littafi ta ɗauki sabo, da umarnin apachectl graceful, sannan wuri ya dawo, shafi ya tashi. Rajistar wata da watanni kuwa ta tafi ke nan, kuma a cikinta ne za mu ga tun yaushe kuskuren da ya kumbura ta ya fara.

Da yamma na zauna ina bincike, domin manhajar juya rajista tana kan kwamfutar, kuma tsarinta daidai yake. Ashe ba ta taɓa gudana ba. A nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu na wancan lokaci, ayyukan kullum ƙarfe 6:25 na safe ake yinsu, ta hannun wata manhaja mai suna cron. Ita kuwa makarantar, da an tashi aiki ake kashe janareto, ba a sake tayar da shi sai wajen ƙarfe takwas. Cron kuma ba ta rama aikin da ya wuce ta. Wanda ya zaɓi 6:25 ya zaɓe shi ne da tunanin kwamfutar da ba ta rabuwa da wuta dare da rana. Bai yi laifi ba, abin da ya sani ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na kawo zancen nan gidan rediyo ke nan. Manhajojin nan da muke amfani da su kyauta, waɗanda suka rubuta su ba sa ganin ɗakunan da muke ajiye sabobinmu. Ba su san wuta takan ɗauke sau da yawa a yini ba, ba su san rumbun da muke da shi ƙarami ne ba, ba su san mutum ɗaya ne ke kula da saba da firinta da kyamarar ƙofa ba. Ƙofarsu a buɗe take ga mai son kawo ƙorafi ko neman ƙari, amma mu galibi sai mu yi 'yan dabarunmu mu toshe ramin mu yi shiru, gobe wani a Zariya ko Maraɗi ya sake faɗawa cikinsa.

Kafin mu je ga yadda ake nema, ya kamata mu san kayan aikin. Wadda aka fi sani ita ce logrotate, wadda Erik Troan ya fara rubutawa a kamfanin Red Hat a tsakiyar shekarun 1990, kuma yau da wuya ka ga Linux da babu ita. Ba zaune take tana gadi ba. Sai an tashe ta take duba fayilolin da aka ba ta, ta sauya wa na jiya suna, ta matse, ta goge wanda ya wuce adadi, ta sanar da saba, ta koma barci. A Debian da Ubuntu na yanzu, rajistar Apache kullum ake juya ta, a ajiye guda 14. Sai rotatelogs, wadda ke zuwa tare da Apache. Ita tsakiya take tsayawa, saba na miƙa mata layi tana rubutawa, in lokaci ko girma ya cika ta buɗe sabon fayil da kanta, ba sai an taɓa sabar ba. Masu FreeBSD kuma suna da newsyslog. Nginx, takwarar Apache wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, ita sigina ake aika mata mai suna USR1 ta sake buɗe rajistarta.

Kowace da inda take ciwo. A logrotate akwai zaɓin da ake kira copytruncate, na manhajojin da ba su iya sakin littafi ba: a kwafe abin da ke ciki, sannan a share asalin a bar shi a hannun mai rubutu. Tsakanin kwafewa da sharewa akwai ɗan lokaci, kuma duk layin da ya faɗo a nan ya ɓata. Littafin bayanin manhajar bai ɓoye wannan ba. Ga kuma buƙatar wurin da zai ɗauki kwafin, wanda rumbun da ya kusa cika ba shi da shi. Haka nan mutum zai rubuta size 100M ya kwanta da tunanin fayil ba zai wuce megabait 100 ba, ya manta cewa sai an tashe ta take aunawa. In sau ɗaya take tashi a yini, fayil na iya ninka wannan sau goma kafin ta waiwaye shi.

Ita kuwa rotatelogs, in ka ba ta daƙiƙa 86400, wato yini guda, da agogon duniya na UTC take lissafi. A Accra ko Kumasi wannan ya yi daidai da sha biyun dare. A Kano da Yamai da Garwa kuwa ƙarfe ɗayan dare ne, domin muna gaba da awa guda, don haka duk abin da ya faru a awar farko ta sabuwar rana yana cikin fayil ɗin jiya. Na ga wanda ya kwana yana neman shaidar biyan kuɗin da aka yi sha biyu da rabi na dare a fayil ɗin da ba nan take ba.

To, ka ci karo da irin wannan. Yaya za ka nemi gyara?

Abu na farko, kuma a ganina shi ne rabin aikin, ka buɗe littafin bayanin manhajar ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ba shi da tsawo. Matsalar agogon nan da na faɗa, maganinta harafi ɗaya ne: ka ƙara -l, sai rotatelogs ta bi agogon gida, kuma tunda mu ba ma sauya agogo da rani ko hunturu kamar Turai, ba abin da zai rikice. Matsalar 6:25 ma an daɗe da yi mata magani. Akwai anacron mai rama aikin da ya wuce, kuma sababbin fitowar Debian da Ubuntu sun mayar da logrotate hannun agogon systemd, wanda in lokacin aiki ya wuce kwamfuta na kashe, yakan yi shi bayan ta tashi. Ni ma a daren nan na fara rubuta takardar ƙorafi, ban gama ba na tarar da amsar tana jirana. Mai kula da manhaja in ya buɗe saƙo goma ya ga bakwai abin da ya riga ya rubuta ake tambayarsa, ƙarfin da zai saurari sauran ukun ya ragu. Bayan littafi, ka duba ƙorafe-ƙorafen da aka riga aka shigar. In wani ya riga ka, kada ka buɗe sabo, ka ƙara naka bayanin a ƙarƙashin nasa, musamman in yanayinka ya bambanta da nasa.

Sannan ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Manhajar logrotate kanta a GitHub ake kula da ita, rotatelogs kuma a Bugzilla na Apache. Amma ɗan fayil ɗin da ya ce a juya kullum a ajiye 14, ba masu logrotate suka rubuta shi ba, masu haɗa kunshin Apache na Debian ko Ubuntu ne. In shi ne bai yi maka ba, can za ka kai kuka, ta reportbug a Debian ko Launchpad a Ubuntu. Wanda ya kai ƙarar gona wurin sarkin pawa ba zai ce an ƙi saurarensa ba.

Yanzu ga jikin takardar. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zo da magani ya bar ciwon a gida. Sai ka ga an rubuta layi ɗaya: ku ƙara zaɓi kaza. Mai karantawa bai san me ya same ka ba, balle ya gaya maka ko akwai hanya mafi sauƙi. Ka fara da abin da ya faru. Bari in ba da misali da abin da ni kaina nake fatan gani. A duk fitowar logrotate da na yi aiki da ita, kana iya ƙayyade yawan fayilolin da za a ajiye, ko kwanakinsu, ko girman fayil guda, amma ba ka iya ce mata duk rajistar nan gaba ɗaya kada ta wuce gigabait biyu, in ta kai a fara zubar da mafi tsufa. Journald, mai rubuta rajista a systemd, yana da irin wannan iyaka. Ga mai ƙaramin rumbu, wannan ya fi komai amfani, domin fayil 14 na ranakun hutu da fayil 14 na makon rajistar ɗalibai ba girmansu ɗaya ba.

Da zan rubuta, ga yadda zan jera shi. In ce ina kula da sabar makaranta mai rumbu kaza, ga sigar logrotate da nake da ita, ga Linux ɗin da take kai. In manna tsarina yadda yake, ba yadda nake tuna shi ba. In gudanar da ita da -d, wanda ke sa ta faɗi abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba, in haɗa da abin da ta faɗa. In bayyana cewa yawancin shekara rajistar ƙarama ce, amma mako biyu takan kumbura har ta cika rumbu. In faɗi abin da na gwada: na rage adadi sai na rasa tarihin da nake buƙata a ranakun da ba cunkoso, na sa maxsize na kuma mayar da juyawar kowace awa, ya rage amma bai hana ba. Sai a ƙarshe in kawo shawarata, in kuma ce in an ƙara zaɓin, wanda bai kunna shi ba kada komai ya sauya masa. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi a wurinsu ƙwarai. Manhajar da ke gudana a kan ɗimbin kwamfutoci a duniya, kuma aikinta ya haɗa da goge fayil, mai kula da ita dole ya ji tsoron duk wani sauyi, kuma yana da gaskiya.

Da Turanci za ka rubuta, amma kada wannan ya tsorata ka. Da yawa daga cikin masu karantawar su ma ba harshen uwarsu ba ne. Gajerun jimloli da hujja a manne sun wadatar. Kuma buƙata ɗaya a takarda ɗaya.

Wani abu kuma da nake roƙon ku da shi: kafin ku manna layukan rajista a bainar jama'a, ku tsabtace su. A ciki akwai lambobin IP na mutane, wani lokaci har da lambar ɗalibi ko ta majinyaci a jikin adireshin shafi, wani lokaci ma da mabuɗin shiga. Amana ce a hannunku. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, da kuma kada ya ajiye su fiye da lokacin da buƙata ta sa. Ku musanya lambobin da na ƙarya, layi biyar ya isa. In kuwa abin da kuka gano ɓaraka ce da ɓarawo zai iya bi ya shiga, wannan ba a shelarsa, akwai adireshin sirri da manyan manhajoji ke ajiyewa don irinsa.

Bayan ka aika, sai haƙuri. Yawancin ƙananan manhajojin da duniya ta jingina da su mutane ƙalilan ne ke ɗauke da su, wasu ma bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Abin da ya faru da xz ya isa darasi, kuma ba nesa yake da zancenmu ba, domin manhajar matse fayil ce, wasu ma da ita suke matse rajistarsu. Lasse Collin ya shafe shekaru yana kula da ita kusan shi kaɗai. Wasu suka riƙa matsa masa da saƙonnin gori, suna cewa aiki ba ya tafiya, ya miƙa wa wani. Wanda ya samu shiga ta wannan hanya, mai amfani da sunan Jia Tan, shi ya dasa ƙofar baya a sigogi na 5.6.0 da 5.6.1. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin. Tun daga lokacin, duk sanda na ga wani yana rubuta wa mai kula da manhaja cewa wata uku ke nan ba a yi masa abin da ya ce ba, raina yakan ɓaci. Mutumin nan ba bashinka ya ci ba.

Abin da ke sa buƙata ta yi gaba shi ne mai ita ya tsaya a kanta. In an tambaye ka ƙarin bayani ka amsa da wuri. In an ce ga gyara a gwada, ka gwada a kwamfutar da ba ta aiki wa jama'a, ka dawo ka faɗi abin da ka gani, har da kashe mata wuta tana tsakar matse fayil, domin wannan gwajin mu muka fi kowa sanin amfaninsa. In kana da hannu a harshen C, wanda da shi aka rubuta logrotate da rotatelogs, ka gwada rubuta gyaran da kanka. In ba ka da shi, gyaran jimla ɗaya a littafin bayani, wadda ta ruɗa ka, shi ma gudummawa ce da ake karɓa. Ana kuma iya ce maka a'a, a ce wannan aikin wata manhaja ce daban. Ka karanta dalilin da kyau, sau da yawa a cikinsa za ka tsinci hanyar da ba ka sani ba.

Ga aikin gida ga duk mai saba a hannunsa. Logrotate tana da ɗan fayil da take rubuta ranar da ta juya kowace rajista a karo na ƙarshe. A Debian da Ubuntu yana cikin var, lib, logrotate, sunansa status. Kafin ka tashi daga ofis yau ka buɗe shi ka duba kwanan watan da ke gaban rajistar shafinka. In na jiya ne ko na yau, alhamdu lillahi. In kuwa ka ga na watan jiya, ka duba ƙarfe nawa aka sa ta tashi, ka kuma tambayi mai janareto ƙarfe nawa yake kashewa.